Mariƙin da ya nemi mariƙi

Wanda ya sayar mini da ƴar na'urar sassaƙa ta CNC, irin wadda ake kira 3018 ɗin nan, bai yi mini ƙarya ba. Tana sassaƙa katako da roba bisa umarnin kwamfuta, filin aikinta tsawon santimita 30, faɗin 18. Abin da ya ɓoye mini shi ne ba ta da hannu. Kai za ka riƙe mata abin da za ta yanka, kuma ba da yatsunka ba, don bakinta yana juyawa wajen sau 10,000 a minti ɗaya.

Ni kuwa har na karɓi aikin rubuta sunaye a kan ƴan allunan maƙalen mabuɗi daga wani mai shago a Kasuwar Dole, na ci rabin kuɗin. Sai na ce bari in sassaƙa mariƙi, wato katako mai ramuka daidai girman allunan, in jera su ciki ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Dabara ce mai kyau, har gobe ina kan bakana. To amma shi katakon mariƙin, wa zai riƙe shi?

Na matse shi da ƙarafa da noti a jikin teburin. Ashe ido ma ba ta da shi, lambobi kawai take bi. Ta miƙe tiryan-tiryan ta kai wa noti karo, sai ji na yi ƙas! Bakin milimita 3 ya karye, guntun ya yi tsalle ya faɗa kwanon furar uwargida. Ta tsamo shi da ludayi ta miƙo mini.

"Maigida, ga jika biyunka."

Na koma ga salatif da gam, kamar yadda masu sana'ar suke yi. Su dai ba a ƙarƙashin kwanon Damagaram suke ba a watan Afrilu. Kafin azahar salatif ya saki, katako ya shiga rawa, na'ura kuma tana ta aikinta bil haƙƙi, tana zana mini taswirar wata ƙasa. Na kira ƙanena ya danne gefe da sanda. Ya danne, yana gumi, ya ce, "Yaya, ashe ni ne mariƙin." Ana cikin haka kuran ya ɗauke. Ita kuwa da zarar wuta ta tafi sai ta manta inda mafarin aikinta yake, in ta farfaɗo duk inda ta tsinci kanta nan ne sifili. Ta sassaƙa teburinta da kanta.

Duk abin nan tsohon kafinta maƙwabcina yana bakin ƙofa yana hura gawayin shayi.

"Injiniya, miƙo katakon nan."

Ya jera allunan a kai, ya kewaye su da ƴan siraran katakai, ya buga ƙusa, ya huda kusurwoyi nesa da hanyar baki don noti. Shayi na biyu bai tafasa ba ya gama. Na gwada, ko motsi.

Na ce nawa zan biya, ya ce a'a, in dai rubuta masa allon shagonsa. Ya shiga ya fito da shi a kafaɗa, tsawonsa ya fi mita ɗaya.

"Baba, wannan ba zai shiga ba."

Ya dubi allon, ya dubi na'ura, ya kurɓi shayinsa.

"To, ɗana, ita me take iyawa?"