Farfela, Ruwan Batir Da Wandona

Kun san injin jirgin ruwan nan, Yamaha 40, da na sayo na hannu daga Legas, wanda na yi wata guda ina cika muku baki a tashar jirgin Yawuri. Raga ce ta naɗe farfela ranar Talata. Na zare fin, na kwance noti, na ja. Ko motsi. Da na leƙa sai ga wani farin ɓawo ya kame sandar kamar an shafe ta da siminti. Ashe shekarun da injin ya yi cikin ruwan gishiri ba wanda ya taɓa shafa wa sandar giris.

Mai shayinmu ya leƙo ya ce, "Maigida, irin na gindin butata ne. Jiƙa tsamiya ka zuba, ka bar shi ya kwana." Na ce masa inji ba buta ba ne. Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji.

Sai na ɗebo ruwan batir. Ya ɗan yi kumfa, na ce kun gani, sai ya tsaya cik. Tsumman da na goge da shi na ajiye kan benci, na kuma zauna a kai ina shan shayi.

Washegari tasha cike, mata masu kifi sun jeru a bakin ruwa. Na tokare ƙafa ɗaya a jikin inji, na kama farfela da hannu biyu, na ce bismilla. Abin da ya saki ba farfela ba ce. Na ji ƙyaaat daga baya, sannan na ji iska. Iska mai sanyi, jama'a, a wurin da ba ta da hurumi. Na saki farfela don in kare mutuncina, ƙafar ta zame, na tafi ruwa da baya. Kuma ruwan iya gwiwa ne, bai ma isa ya rufa mini asiri ba. Haka na zauna a ciki ina wanke hannu kamar da gangan na shiga.

Duk dariyar matan ba ta ƙona mini rai kamar Kawu ba. Bai yi dariya ba. Goronsa ya ɓare, ya ce, "Ɗana, wannan ma daga Legas ka sayo shi?" Mutumin da tun 2019 yake riƙe da jarkar man da na ara masa! Jarka mai lita 25, har da murfinta. Duk ranar da na tambaya sai ya ce ai tana nan. Na san tana nan, Kawu, a jirginka nake ganinta kullum.

Tsamiyar dai na jiƙa da dare, ba wanda ya gani. Kwana biyu ina zubawa, na ɗan bubbuga da katako, ta fito. Mai shayi bai ce komai ba, sai dai yanzu in na zauna yakan goge mini bencin tukuna.