Ku Bar Bangon Nan Haka, Don Allah

'Yan uwana matasa, abin da na gani a tsohon sansanin Elmina da ke bakin tekun Gana ne ya hana ni yin shiru. Wani saurayi ya zaro makulli yana ƙwarzar bango, wai sunansa yake rubutawa da na budurwarsa, abokansa na yi masa kirari. Haba jama'a!

Turawan Fotugal suka gina wurin nan a 1482, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. Sama da shekara 500 iskar gishiri tana cin bangon bai faɗi ba, sai kai za ka zo da makullinka ka ƙarasa shi? Daga saman katanga kana hango kwalekwalen masunta cike da tasha, ga igwa ta yi tsatsa tana kallon teku. Duk wannan bai ishe ka kallo ba sai ka yi ɓarna.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ɗakunan ƙasa. Nan aka riƙa tsare bayi cikin duhu da zafi, kafin a fitar da su ta wata siririyar ƙofa zuwa jiragen ruwa. Da yawansu har yau ba wanda ya san sunansu. A kan bangon da suka jingina ne kai kake kafa naka sunan, har da lambar waya. Wa zai kira ka? Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Wani da biro, wani da gawayi, wani ya ɓantari dutse ya jefa aljihu wai tsaraba. Kada ma a yi zancen masu tiƙar rawa don TikTok a inda mutane suka yi kuka, ko masu watsar da robar ruwa ta kan katanga; nasu daban ne. Mai yi wa baƙi bayani yana magana, ba mai saurare.

Mu dai gyara hali, mu riƙa tsawata wa juna. Da can yaro ko kusa da maƙabarta ya bi sai ya rage murya, kuma kowane babba na iya ce masa bari, ya bari. Yanzu ka yi magana a ce ina ruwanka, ko gidan ubanka ne. Manyan ma sun gaji, sai dai su kau da kai su wuce.