Jirgin Aradu ya gama yaƙi, a mayar da shi gidan tarihi a Legas

Tun da rundunar sojojin ruwan Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya a 2023 don a yi wa jirgin yaƙin nan Aradu garambawul, abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Jirgin da aka ƙera a Hamburg ta Jamus, ya fara aiki a 1982, ya shafe shekaru yana tsatsa a bakin tashar Legas, shi ake son tasowa ya koma sintiri a teku.

Masu goyon baya sun ce jirgin alfarmar ƙasa ne, ba a barin sa ya mutu. To wa ya ce a kashe shi? Ɓarayin ɗanyen mai da 'yan fashin mashigin tekun Gini da ƙananan kwale-kwale masu gudu suke ɓarna, cikin ƙoramun da ƙaton jirgi mai tsawon sama da mita 120 ba zai iya kutsawa ba. Kuɗin da za a narkar wajen farfaɗo da tsoffin injuna da na'urorin da zamaninsu ya wuce, da an sayi ƙananan jiragen sintiri da su, da masunta da 'yan kasuwa sun gani a ƙasa.

Darajar Aradu yanzu a tarihinsa take, kuma Legas ce ta fi kowa buƙatar wannan. Ta teku Turawan Ingila suka yi wa birnin ruwan igwa a Disambar 1851, suka kori Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gado, bayan shekara goma suka haɗiye garin gaba ɗaya. A nan ne John Glover, shi ma hafsan sojan ruwa, ya tara 'yan tsirarun mutane a 1863, da yawansu bayi ne da suka tsere, ake kiran su Hausawan Glover. Daga su rundunar sojan Najeriya ta samo asali. Yau akwai zauren taro da sunan Glover a Legas, amma waɗancan bayin Allah wa yake tuna su? Shi kansa sunan jirgin, Aradu, kalmarmu ce, kuma ina ganin hakan ya isa ya sa ɗan Arewa ya damu da makomarsa.

A 2005 Aradu ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin teku na Trafalgar. Sojojinmu sun ga yadda birnin Portsmouth ya adana Victory, jirgin katako da ya yi wancan yaƙi a 1805, wanda tun 1922 yake kafe a busasshiyar tasha, jama'a suna biyan kuɗi suna shiga. Mu kuwa, mai son ganin tsohon jirginmu na yaƙi, Bonny, sai ya tafi gidan tarihin yaƙi na Umuahia, garin da ba ya bakin teku. Kuma mun ga yadda aka rushe tsohon ginin Ilojo Bar da ke Legas a 2016, duk da yana cikin kayan tarihin ƙasa. Wannan halin ko-in-kula ne nake tsoron ya sa wata rana a wayi gari an sayar da Aradu ga 'yan gwangwan, bayan gyaran ya ci kuɗi ya gaji.

A ja shi zuwa Marina, a bakin ruwan Legas, a ɗaure, a buɗe wa 'yan makaranta ƙofa. Tsoffin sojojin ruwan da suka yi aiki a cikinsa suna nan da ransu, a ɗauke su su riƙa zagayawa da baƙi suna ba da labari da bakinsu.