Ɗaya da rabi a raba da kwata

Jama'a ku yi haƙuri in amayar da abin da ke cina tun ranar Talata. Kunya na sha a aji, irin wadda mutum ke cewa ina ma ƙasa ta tsage, kuma ba kan wani abin a zo a gani ba, lissafin 'yan firamare ne.

Ga wanda bai sani ba, ina jihar Maryland a Amurka, ina karatun koyarwa a kwamuniti kwalej ɗin gundumarmu. Makarantar shekara biyu ce, jeka ka dawo, kuɗinta bai kai na jami'a ba musamman in a gundumar kake zaune. Ajinmu na yamma kuwa hatsin bara ne, ga yara 'yan sha takwas, ga wata baiwar Allah mai jikoki da ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta, irin doguwar nan mai ruwan ɗorawa, ga wani tsohon soja, ga ni da nake faɗowa da kayan aiki a jikina daga gidan tsohuwar da nake jinya. In ka gama za a ba ka takardar da suke ce wa AAT, amma fa ita kaɗai ba za ta mallaka maka aji ba, sai ka wuce jami'a ka ƙara shekara biyu ka karɓi digiri, ka yi tichin firaktis, ka ci jarrabawar Praxis, sannan jiha ta ba ka lasisi. Ko leƙen aji da muke zuwa yi, mu zauna a baya muna kallon yadda malama ke koyarwa, sai da aka ɗauki zanen yatsunmu aka bincika ko muna da wani tabo. Duk don yaro mai majina a hanci.

To ranar Talata muna darasin lissafi na masu shirin koyar da firamare, malamar ta rubuta ɗaya da rabi a raba da kwata. Ni da na ci lissafi a WAEC, kafin ta ajiye makar rubutun allo na ɗaga hannu na ce shida. Ta ce daidai, ya aka yi? Na ce ai juya na biyun ake yi a ninka. Ta ce me ya sa ake juyawa? Shiru. Ta miƙo min makar ta ce in zo in zana wa yaro ɗan shekara goma, ban da juyawa ban da ninkawa. Wallahi na tsaya gaban allo kamar an dasa ni, gumi na bin bayana alhali waje sanyi ake zugawa. Mai tuƙa motar nan ce ta taso ta zana fiza ɗaya da rabi, ta yanka ta kwata kwata, ta ƙirga, shida.

Abin da ya fi ƙona min rai sai da na shiga mota ya faɗo min. Ashe tambayar kawai ita ce kwata nawa ne a mudu ɗaya da rabi. Yarinyar da ke taya uwarta awo a zaure ta san wannan tana barci. Ni ma na sani tun ban kai ƙofar makaranta ba, amma a shekara goma sha biyu na firamare da sakandare ba malami ɗaya da ya taɓa haɗa min mudun gidanmu da abin da ke allo. Juya ka ninka, wanda ya manta ya miƙo hannu.

Kuma ba laifinsu nake gani ba, su ma haka aka ba su. Wa ke zuwa NCE a gida don yana so? Ku faɗi tsakani da Allah. Sai an nemi likitanci an rasa, an nemi lauya an rasa, sannan a ce to a je kwalejin ilimi kafin Allah ya kawo wani abu. A 'yan shekarun nan maki 100 cikin 400 na JAMB ya isa a shiga. Sai kuma a 2017 da aka yi wa malaman firamare na Kaduna jarrabawar 'yan aji huɗu, mutum 21,780 cikin kusan 33,000 suka kasa kai makin da aka yanka, kowa ya kama baki yana salati, ana ta yawo da takardunsu a Facebook ana dariya. Mu muka tura su can da ragowar maki, mu muka riƙe musu albashi wata da watanni, mu muka zuba musu yara sama da ɗari a ƙasan siminti.

Na san wani zai ce ta je Amurka ta fara zagin gida. Nan ma ba aljanna ba ce. Malamai kuka suke da albashi, da kuɗin aljihunsu suke sayen fensir da kalar zane, watannin tichin firaktis galibi ko sisi ba a biyanka. Ranar da na fara leƙen aji aka yi atisayen in ɗan bindiga ya shigo makaranta, aka kashe fitila, yara 'yan shekara shida suka lafe a lungu ba mai tari, ban yi barci ba daren nan. Kuma yaro ya kalli tsabar idonki ya ce ba zai yi ba, ba yadda kika iya da shi. Amma maganar shirya malami kafin a damƙa masa yara, sun yi mana nisa, ba zan ɓoye ba.

Abin haushin shi ne mu ma mun taɓa yi. Kwalejin Katsina ta da malamai take horarwa, daga can Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka fito, dukkansu sun riƙe alli, Malam Aminu Kano ma malamin makaranta ne. Babanmu Allah ya ji ƙansa mai takardar malanta ta Giret Tu ne, zamanin UPE na 1976, shirin nan na ilimin firamare kyauta ga kowa, ya fara aiki. Ina tuna littafin shirin darasinsa, ja da shuɗin biro, layi a miƙe da rula, yana rubutawa da fitilar ƙwai bayan isha'i mu kuma an hana mu motsi. Da tsinken tsintsiya da marfin kwalba yake koyar da ƙirga. Da yana raye na kira shi, na tabbata dariya zai yi ya ce Uwata ɗauko mudu.

Shekaranjiya Yaya Babba ta kira take tambaya wai me ma nake karantawa. Na ce ilimi. Ta ce na lakcara ko? Na ce e to, kusan haka. Ta ce ai gara, don da cewa ake yi firamare za ki koyar, ta ce musu haba, a Amurka? Ban gyara mata ba, na ce ya yara, ya zafi. Keken Babanmu na nan a soro har yau an ce, Raleigh ɗin nan baƙi, ba wanda ya hau tun da ya rasu.