Yaron da bai yi kuka ba ranar da kakarsa ta rasu

A wani zaman makoki da na je a Gusau, cikin gida ana ta koke-koke, shi kuwa jikan mamaciyar, ɗan shekara 10, yana tsugune bakin zaure yana jera takalman baƙi, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Bai zubar da hawaye ba, bai amsa gaisuwar kowa ba. Wata gwaggonsa ta dube shi ta ce, "Wanga yaro ba shi da tausai, ko ɗan kukan ga bai yi ba." Babu wanda ya musa mata.

Bayan an share makoki, mahaifiyarsa ta gaya wa maiɗakina cewa kullum magariba sai ya cika butar tsohuwar ya ajiye mata a ƙofar ɗaki, yadda ya saba tun tana da rai. Ranar da wani ya ɗauke butar, ko loma bai kai baki ba.

Yaron yana da larurar da likitoci ke kira otizim. Mu kan ce galahanga, kalmar da muke jibga wa larurori da dama da ba su haɗa hanya ba. Shi kansa sunan likitocin da tabo ya zo: daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", irin na "son kai", likita Eugen Bleuler ya ƙirƙiro shi a 1911. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 a Amurka a 1943, an shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ya jawo. Bincike ya rusa wannan, ya nuna yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne, kuma gado na da babban kaso. Mu a nan har yau uwa ke shan zargin rashin tarbiyya, in ta tsira a ce iska ne ko sammu.

Abin da nake gani shi ne da mudun al'ada muke auna zuciya. Wanda ya durƙusa ya gaida manya, ya yi tayin abinci, ya yi kara, shi ne mutumin kirki. To amma zancen Bahaushe rabinsa hannunka-mai-sanda ne: harara, habaici, gyaran murya. Baƙo ya ce "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," kowa ya san kunya ce, sai a sake yi masa tayi. Mai otizim ya ji an ce an ƙoshi, sai ya ɗauke kwano. Nan take a laƙaba masa rowa, alhali laifinsa ɗaya: ya gaskata baƙo. Kasa gane halin da mutum ke ciki daban, rashin damuwa bayan an gane daban. Na farkon ke wahalar da yawancinsu. Haka wanda ya gudu daga wurin biki ya toshe kunnuwa, ba zumunci ya ƙi ba, ƙarar lasifika ce ke masa kamar ana soka masa allura.

A 2012 Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi ma yana da otizim, ya ce rashin fahimtar ɓangare biyu ne: yadda suke kasa karanta mu, haka muke kasa karanta su. Gwaggon nan ma ai ta kasa. Ita dai ba wanda ya ce mata marar tausayi.

Ban ce waliyyai ba ne. A cikinsu akwai mai son kai kamar yadda yake a cikinmu, kuma uwar da ke fama da yaron da ba ya magana ta san gajiyar da ba a rubutawa a jarida. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da larurar. Ke nan da wuya a sami firamare mai cika a Gusau ko Ƙaura Namoda da babu irinsa, yana shan bulala a kan "girman kai".

Mahaifiyar yaron nan ta daina yi masa zancen kurma. In ba ta jin daɗi, cewa take, "Kaina ke ciwo, kawo min ruwa ka zauna kusa da ni." Yana kawowa, ya zauna, ba ya tashi sai ta ce ya tashi. Butar kuma an mayar da ita ƙofar ɗakin.