Besbol ba wasan gyangyaɗi ba ne

Wani marubuci ya ce besbol, wasan nan na jifan ƙwallo da dukanta da sanda, jan rai gare shi, sai tsayuwa da jira, wai shi ya sa matasa ke gudunsa. Ni kam ban yarda ba, kuma a unguwar Bronx ta birnin New York nake zaune, kusa da filin kulob ɗin besbol na Yankees. Jiran nan da ake kushewa ai shi ne daɗin wasan: mai jifa yana ɓoye irin ƙwallon da zai sako, mai sanda yana karanta hannunsa, ga ƙwallo na tahowa da gudun kilomita 150 a awa. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2023, Japan na gaban Amurka da ci 3 da 2, saura mutum ɗaya a fitar wasa ya ƙare, mai jifan Japan Shohei Ohtani ya fuskanci mai sandan Amurka Mike Trout, abokin kulob ɗinsa a lokacin, ya san abin da nake faɗa. Sau uku Trout yana kai duka yana dukan iska, ni kuwa a tsaye na kalla, na kasa zama. Tun shekarar kuma aka sa agogon jifa a babbar gasar Amurka, wato agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokacin sako ƙwallo, wasa ya dawo kusan awa 2 da minti 40. Kai kuma mai cewa wasan masu kuɗi ne, zo unguwarmu ka ga yaran Dominika a bakin titi, murfin jarkar ruwa ne ƙwallonsu, kotar tsintsiya ce sandarsu. Shi marubucin, ya taɓa zama a fili ya kalli zagaye tara da ake yi a wasa ɗaya har ƙarshe?