Son maso wani, ko sarauniyar Ingila bai ƙyale ba balle ke

Daren Talatar da ta wuce wajen ƙarfe biyu na tashi shan ruwa, an ɗauke wuta, sai na hangi haske a ƙarƙashin bargo a ɗakin yara. Ina yaye bargon na tarar da ɗiyar yayana da ta zo mana hutu ta dunƙule kamar mage, waya a hannu, filo ya jiƙe sharkaf. Na ce ke lafiya, wa ya mutu? Ta ce ba komai Anti, littafi nake karantawa. Na karɓi wayar. Eh littafin ne, irin wanda ake turowa guruf shafi-shafi, labarin wata da ta mace a kan wani shi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Amma ina fita daga ciki sai ga littafin gaskiyar, saƙonni sun fi ashirin jere reras ta tura wa wani yaro tun la'asar, duk ya buɗe ya gani, ko "to" bai ce ba. A samansu kuma ga shaidar kuɗin data da ta tura masa, cikin kuɗin da ubanta ya sha rana ya nemo ya ba ta na makaranta.

Wallahi ban san sanda raina ya ɓaci ba. Ba ita kaɗai ba ce shi ya sa nake wannan rubutun, ƙannena mata da maza, abin nan ya zama ruwan dare. Mutum ya nuna miki baya yi, ya nuna da baki ya nuna da shiru, ke kuma kin nace kin liƙe kamar ƙaska, wai ai wata rana zai gane. Zai gane me? Ya gane tun tuni, shi ya sa ma yake karɓar datar.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, kuma ya ba ni dariya, washegari ina gyara ɗakin na ga wani littafin turanci a jakarta, irin tsofaffin nan da ake shimfiɗawa a bakin titi, tarihin wata sarauniyar Ingila ne, ta saya don kwalliya ina ga, don ko shafi ashirin ba ta wuce ba. Da farko na zaci Elizabet ce ta zamaninmu, wadda ta zo Najeriya a 1956 aka yi mata hawan daba a Kaduna, wadda kakarmu in za ta ƙirga shekarun wani sai ta ce an haife shi shekarar zuwan Sarauniya. Ashe ba ita ba ce, wata ce can baya, Meri ta Farko, 'yar Henri na Takwas. Kwana uku na yi ina karantawa tsakanin girki da wanki, sai na ga yarinyar nan magani take yawo da shi a jaka tana kwana da ciwo.

Ku ji fa. Meri ta hau mulki a 1553, mace, Ingila gaba ɗaya a tafin hannunta. Aka zo maganar aure aka kawo mata zanen hoton Filib ɗan sarkin Sifaniya, tun kafin ta gan shi ido da ido zuciya ta tafi, kun ga kenan son hoto ba a Instagram aka fara shi ba. Mutanenta da yawa ba sa son auren, har tawaye aka yi a farkon 1554 saboda shi, ta murƙushe tawayen, aka ɗaura aure a Winchesta a watan Yulin shekarar, tana da shekara 38 yana da 27. Shi gogan lissafin siyasa ya kawo shi, ubansa na son Ingila a ɓangarensu, ko turancin ma baya ji. Ita kuwa har ga Allah take sonsa.

Sai ga alamun ciki, tashin zuciya, ciki ya ɗago, aka haɗa kayan jariri, ta shiga ɗaka jiran haihuwa. A ƙarshen Afrilun 1555 har jita-jita ta bazu a Landan cewa ta sauka an samu namiji, aka dinga kaɗa ƙararrawa ana murna. Wata ya wuce, wani ya wuce, shiru, cikin ya saɓe, ashe babu komai a ciki. A lokacin da mace ta fi buƙatar mijinta ya zauna kusa da ita ko bai ce komai ba, a lokacin ya haɗa kayansa ya tsallaka teku. Shekara ɗaya da rabi tana aika wasiƙu tana jira. Da ya tashi dawowa a watan Maris 1557 kun san me ya dawo da shi? Yana yaƙi da Faransa yana son Ingila ta shigar masa. Ta shigar masa. Ya yi 'yan watanninsa, a Yuli ya ƙara gaba, ba ta sake sa shi a ido ba. A wannan yaƙin Ingila ta rasa Kale a Janairun 1558, garin da ta riƙe a gaɓar Faransa fiye da shekara 200. To ke data kika tura, ita gari guda ta tura, kuma duk sakamakon ɗaya ne. Ta rasu a Nuwamban 1558 tana da shekara 42, baya kusa. Ƙasar kabarinta ba ta gama bushewa ba ya aika neman auren ƙanwarta Elizabet ta Farko da ta gaje ta, ita kuwa ta ce a kai kasuwa.

Kar wani ya ce na mai da ita waliyyiya, matar nan kusan mutum 300 aka ƙone a mulkinta kan saɓanin aƙida, wannan wani zancen ne daban. Abin da nake so ku gani shi ne ga mulki ga dukiya ga sojoji, in ta ce a kashe a kashe, amma ta kasa sa mutum ɗaya ya so ta. To ke da me za ki saya? Da man bilicin ɗin da kike ta dirza har gwiwa da fuska sun daina gaisawa? Ko da layar malamin tsibbun da ya karɓe miki dubu goma da baƙar kaza ya ce kwana bakwai zai biyo ki yana kuka? So gamon jini ne, ba a yin sa dole, kuma Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce son maso wani ƙoshin wahala.

Ku ma samari kar ku gyara zama kuna dariya, naku ya fi muni. Yarinya ta ce maka an yi mata miji, ta toshe lambarka, ka sayi sabon layi, ta toshe, ka bi ta wayar ƙawarta, ka tsaya a bakin layinsu kamar turken wutar lantarki tun magariba har sauro ya san ɗanɗanon jininka, ƙarshe in ta ƙi sai ka koma ɓata mata suna da yaɗa hotunanta. Wannan ba so ba ne, rashin zuciya ne da rashin tsoron Allah. Sahabi Mugisu ya bi tsohuwar matarsa Barira a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, har Manzon Allah (SAW) ya sa baki ko za ta koma masa, ta tambaya umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma ba a tilasta ta ba. Kai waye da za a tilasta maka 'yar mutane?

Ni ban ce kar a karanta littattafan soyayya ba, mu ma mun karanta, haya muke karɓowa a ɓoye cikin littafin lissafi. Amma da yawan na yanzu ƙarya suke shirga muku, yarinya ta yi ta naci shafi ɗari uku ana wulaƙanta ta, a shafin ƙarshe ya yi haɗarin mota ya farfaɗo yana kiran sunanta. Ku kuma ku haɗiye, kowace ta ɗauka ita ce ta cikin littafin, tana jiran nata haɗarin motar. Littafin da zai gaya muku yadda abin ke ƙarewa a zahiri kuwa yana jaka yana shan ƙura, wai turancinsa da wuya, alhali sitatus ɗin da kuke sawa na habaici da hoton zuciya a fashe duk da turanci ne.

Ina kunyar nan ta tafi ne wai? Da fa saurayi yaro zai aika ya ce ana sallama da wance, in ba ta yi da shi ta ce a ce ba ta nan, ya aika sau biyu sau uku ya gane karatun, ya kaɗe rigarsa ya tafi da mutuncinsa, gobe in sun haɗu a hanya a gaisa. Mace kuwa ko son na cin ta kamar wuta ba za ka ji a bakinta ba, sai dai ta rame a ce shawara ce. Ban ce hakan duk daidai ba ne, an cuci wasu da shirun, amma akwai aji, akwai jan aji, mutum ya san darajar kansa. Yanzu an zubar, kowa zuciyarsa a faranti yana talla, har wanda bai taya ba ana bin sa da ita gida. Ku dai ji tsoron Allah ku kama kanku, ku yi ta addu'a, ku nemi abin yi, ni iyakar abin da zan ce kenan.

Jiya da safe na ajiye mata littafin kusa da kofin shayinta na ce ta karanta daga inda aka kawo hoton. Ta juya shi ta kalli bangon ta ce to Anti. Ina juyawa zan shiga kicin na ji wayarta ta yi ƙara, ta wawure ta har shayin ya zube a kan littafin, ashe saƙon kamfanin layi ne.